Agogon Hannu, Kayan Aiki ko Kayan Ado? Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini a Bauchi

Sana'ata gyaran agogo ce a nan cikin garin Bauchi. Masu zuwa teburina, wani batir ne ya kawo shi, wani gilashi ya fashe masa, wani kuma shawara kawai yake nema kafin ya shiga Wunti ko Babbar Kasuwa ya saya. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su a nan. Ra'ayina kuwa a fili yake: agogo ya fara yin aikinsa tukuna, ado ya biyo baya, kuma adon ya zama na gaskiya, daidai ƙarfin aljihun mai shi.

Malam, ina da waya a aljihu. Me kuma zan yi da agogo?

Idan aikinka na zaman ofis ne, ga soket a gefenka, waya za ta iya isar ka. Amma yawancin mutanen garin nan ba haka suke neman abinci ba. Mai Keke Napep da ke jigila tsakanin Wunti da Yalwa hannayensa biyu suna kan tuƙi. Direban da ya kama hanyar Jos ko Azare bai kamata ya riƙa lalube a aljihu ba. Birkila hannunsa duk siminti ne. Mai noman rani hannunsa laka ne, kuma yana lissafin awa nawa injin ban ruwa ya yi yana shan mai. Malamin makaranta minti 40 gare shi ya kammala darasi, ba kuma zai yi ta ciro waya a gaban yaran da aka hana su zuwa da ita ba. Malamar jinya kuwa tsinken sakan take bi idan tana ƙirga bugun jini.

Sai maganar caji. Kowa ya san yadda wuta take, kuma waya tana iya mutuwa tun kafin la'asar. Ɗan ƙaramin Casio baƙin nan mai lamba F-91W, wanda aka fara fitarwa a 1989 kuma har yau ake yin sa, batirinsa guda yana kai kimanin shekara 7. Ga kuma ƙwacen waya: duk sanda ka ciro ta a cikin cunkoso don duba lokaci, ka nuna wa wanda bai kamata ya gani ba.

Abin da ya fi damuna shi ne na ƙarshe. Za ka ciro waya don ka ga ƙarfe nawa, sai saƙon WhatsApp ya tare ka, kafin ka ankara an tayar da salla. Agogo lokaci kaɗai zai faɗa maka, ya ƙyale ka ka ci gaba da abin da kake yi.

Gaskiya ne da can maza ba sa ɗaura agogo a hannu?

Gaskiya ne. A Turai har farkon ƙarni na 20, namiji a aljihu yake sa agogo, da 'yar sarƙa, na hannu kuwa ana ɗaukar sa kayan ƙawar mata ne kamar awarwaro. Aiki ne ya sauya wannan. A 1904 kamfanin Cartier ya yi wa wani matuƙin jirgin sama ɗan Birazil, Alberto Santos-Dumont, agogon hannu saboda ba ya iya sakin tuƙi ya shiga aljihu. Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918, shi ya ƙarasa lamarin: sojan da ke cikin rami riƙe da bindiga yana bukatar sanin minti nawa ya rage a afka. Da suka koma gida da agogo a hannu, sauran maza suka bi sahu. Ke nan tun asali ado da aiki tare suka taso a wannan abu.

Agogo mai tsada ya fi mai araha kiyaye lokaci, ko ba haka ba?

A'a. Wannan amsar tana ba mutane mamaki, amma haka abin yake.

Injin agogo iri biyu ne. Akwai mai batir, wanda za ka ga an rubuta Quartz a fuskarsa. A cikinsa akwai ɗan ƙanƙanin dutse da wutar batir ke sa shi karkarwa sau 32,768 a kowane sakan, sai wani ɗan allon lantarki ya ƙirga, duk sanda adadin ya cika ya tura tsinke gaba taki ɗaya. Akwai kuma mai wani, wanda babu batir a cikinsa sam. Wani siririn ƙarfe ne naɗaɗɗe yake warwarewa a hankali, yana tura ƙananan haƙora, wani ɗan zobe kuma yana kaiwa yana komowa yana daidaita gudun. Wanda ake kira otomatik shi ma mai wani ne, sai dai motsin hannunka ne ke naɗe shi. Idan ka ajiye shi kamar kwana biyu, zai tsaya.

Yawancin agogunan miliyoyin nan masu wani ne. Hukumar da ke gwada su a Suwizalan tana ba agogo takardar shaidar ƙwarewa idan a kwana ɗaya bai yi latti fiye da sakan 4 ba, bai kuma yi gudu fiye da sakan 6 ba. Rolex ya matse nasa zuwa sakan 2 a kwana, wato kusan minti guda a wata. Shi kuwa Casio ɗin da na ambata, abin da kamfanin ya yi alkawari sakan 30 ne a wata guda. Ɗan makarantar da ya ɗaura shi, lokacinsa ya fi na Alhajin da ya ɗaura Rolex daidai.

Zafi, ƙura, faɗuwa ƙasa da maganaɗisu duk sun fi taɓa mai wani. Kar ka riƙa kwantar da shi a kan lasifika ko ka haɗa shi da waya a ƙarƙashin matashi, domin maganaɗisu yana sa shi gudu, wani sa'in har minti da yawa a kwana.

To me mutane suke saye da waɗannan miliyoyi?

Suna sayen aikin hannu, da ƙarfe mai kyau, da suna, da kuma kallon da za a yi musu. Tarihin abin ma ya bayyana dalili. Ranar 25 ga Disamba 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai injin batir irin wannan da aka kai kasuwa. A lokacin kuɗinsa ya kai na ƙaramar mota, amma cikin 'yan shekaru fasahar ta yi arha ta cika duniya. Masana'antar agogo ta Suwizalan ta durƙushe, ma'aikatanta daga kimanin 90,000 a 1970 suka koma kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakiyar shekarun 1980. Kamfanonin da suka tsira sun gane ba za su iya gasar daidaito da arha ba, sai suka koma tallar gado da ƙwarewa da martaba. Har ta kai a 2019 an yi gwanjon wani Patek Philippe guda ɗaya a kan kuɗin Suwizalan miliyan 31.

Ban raina wannan aiki ba ko kaɗan. Duk wanda ya taɓa buɗe murfin injin wani mai kyau ya sa madubin ido ya ga sassa sama da ɗari suna aiki tare babu wuta babu batir, zai jinjina wa wanda ya ƙera. Ni kaina irin aikin da na fi so a kawo mini ke nan. Sai dai mai saye ya san cewa ƙawa da fasaha yake biya.

Ado da agogo laifi ne a addini? Yaya batun zinare?

Ni ba malami ba ne, abin da muka ji daga malamai zan faɗa. Imam Muslim ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da mai son tufarsa da takalminsa su yi kyau, sai ya amsa masa cewa Allah mai kyau ne yana son kyau, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Saboda haka mutum ya sa shaddarsa ranar Juma'a ko ranar Salla, ya kafa hula, ya ɗaura agogon da ya dace da kayan, babu komai. Inda matsala take shi ne a naɗe hannun riga don a kece raini, ko a ci bashi saboda a burge 'yan majalisa.

Zinare haramun ne ga maza, halal ga mata, wannan sananne ne. Yawancin agogunan da ke ƙyalli a kasuwanninmu launi ne kawai, babu zinare a jikinsu. Wanda aka yi wa ruwan zinare na gaske kuwa malamai sun yi saɓani a kai, don haka ka tambayi malamin da ka amince da shi. Mai son ya huta da shakka, ga farin ƙarfe nan, ya ma fi jure gumi.

Hannun dama ko na hagu?

Duk wanda ya fi maka sauƙi. An saba da hagu ne saboda dama ce ke yawan aiki, agogo ya fi tsira daga bugu, kuma an sa maɓallin gefe inda hannun dama zai kai gare shi. Wasu suna zaɓar dama saboda son damantarwa. Bahago ya sa a dama.

Ba ni da kuɗin Rolex na gaske. Mene ne aibun in sayi na jabu, tunda ba kowa zai gane ba?

Nan ne nake da zafi, ɗan'uwa, kuma zan faɗa maka dalili.

Wani saurayi ya taɓa kawo mini irinsa, bai fi 'yan watanni da saye ba. Ruwan gwal ɗin ya fara saɓulewa daga gefen sarƙa, ya bar masa kore-kore a fata. Da na buɗe murfin baya, sai ga ɗan ƙaramin injin batir mafi arha a kasuwa yana iyo a tsakiyar wata farar roba da aka cusa don ta cike gurbi. Ƙananan da'irori uku da ke fuskar agogon, tsinkayensu manna su aka yi, babu abin da ke juya su. Babu robar hana ruwa. Jikin ma ba farin ƙarfe ba ne, narkakken ƙarfe ne mai laushi, dunƙulen da ke riƙe sarƙa ya riga ya cinye. Kuɗin da ya biya kuwa ya ishe shi Casio ko Q&Q na gaske, har ya yi canji.

Ka duba lissafin da kyau. A agogon jabu, kusan duk kuɗinka ya tafi ne a kan harufa biyar da kambin da aka buga a fuska. Ba a bar komai wa inji ba, ba a bar komai wa ƙarfe ba. Wanda ya san agogo zai gane daga nesa, wanda bai sani ba kuma bai damu da sunan ba tun farko. Sai ka tashi ba ka samu aikin ba, martabar ma ba ka samu ba. Araha ba ta ado.

Kuma akwai abin da yake yi wa mutum a zuci. Mai ɗaure da jabu kullum a ɗarare yake kar wani ya ce "kawo in gani". Mai ɗaure da Casio nasa na gaske yana miƙa hannu ko a gaban wa. Na san 'yan kasuwa masu rufin asiri sosai a kasuwar Muda Lawal da ba su taɓa wuce agogon roba ba, kuma babu wanda ya fasa yi musu gaisuwa.

Yaya zan gane jabu kafin in biya?

Farashi ne shaida ta farko. Babu Rolex, Omega ko Rado sabo na gaske da za a shimfiɗa a faranti a bakin titi. Bayan wannan, ka kula da tsinken sakan. Kusan duk Rolex mai wani ne, tsinkensa yana taki takwas a sakan, sai ka ga kamar sulɓi yake. Idan yana tsalle ɗaya-ɗaya, batir ne a ciki. Ɗan kumburin gilashin da ke kan kwanan wata a Rolex yana ƙara girman lamba ninki biyu da rabi, a jabu kuwa da ƙyar yake ƙarawa. Danna duk maɓallan ka ga ko kowane tsinke yana motsi. Duba rubutu da madubi, na gaske ba ya karkacewa ba ya malala. Ka auna nauyi a tafin hannu.

Casio ma ana yi masa jabu, sosai ma. A F-91W na gaske, idan ka danne maɓallin dama na 'yan sakanni yana kan nuna lokaci, sunan kamfanin zai fito a allon. Sai dai masu jabu sun fara kwaikwayon wannan ma, don haka kar ka tsaya a kansa shi kaɗai. A manyan agoguna akwai jabun da sai an buɗe ciki ake ganewa. Idan kuɗin da yawa ne, ka ce wa mai sayarwa ku je wurin mai gyara tare. In ya ƙi, ka samu amsarka.

An rubuta 30M a bayan nawa. Zan iya alwala da shi?

Rubutun nan yana yaudarar mutane da yawa. Ba yana nufin ka nutse mita 30 ba. Gwaji ne da aka yi a masana'anta da sabon agogo a cikin ruwa mara motsi. A aikace, 30M yayyafi da fantsalin wanke hannu kaɗai yake ɗauka. Mai 50M ya fi shi ɗan juriya. Idan za ka shiga ruwan Wikki a Yankari, nemi mai 100M ko sama, irin G-Shock da aka fara yi a 1983 don jure bugu da ruwa.

Mu kuwa sau biyar muke taɓa ruwa a yini ko fiye. Abin da ke tare ruwan wata siririyar roba ce da ke zagaye da murfin baya da maɓallin gefe, kuma zafin garin nan yana busar da ita. Sau da yawa ma wurin canjin batir ake murɗe ta ko a yar da ita. Shawarata, ka kwance agogo ka sa a aljihun gaba kafin ka ɗauki buta. Kar ka ajiye a kan dakalin masallaci, can ake mantuwa. Wannan ya kuma warware maganar fiƙihu, tunda wanke hannu zuwa gwiwa farilla ne kuma dole ruwa ya taɓa fatar da ke ƙarƙashin agogo. Wanda ba zai cire ba, ya sassauta shi ya motsa.

Da zarar ka ga raɓa a cikin gilashi, kawo shi ran nan a buɗe a busar. Jiran sati guda yana nufin tsatsa ta kama inji.

Mai fata, mai roba ko mai sarƙa, wanne ya dace da yanayinmu?

Fata ta fi kyau da manyan kaya, amma ita ce mafi gajeren kwana. Gumin Maris da Afrilu yana ruɓar da ita har ta yi wari, hunturu kuma ya busar da ita ta tsage. A bar ta wa ranakun fita. Roba ta fi dacewa da mai aikin ƙarfi, in ta tsinke canjinta ba tsada. Sarƙar farin ƙarfe ita ce mai daɗewa, sai dai ƙurar hazo da gumi suna taruwa a tsakanin gaɓoɓinta, don haka a riƙa goge ta da tsohon buroshin haƙori da ɗan sabulu, ba tare da jiƙa kan agogon ba.

Ka juya agogon ka karanta bayansa. Idan an rubuta Stainless Steel Back, murfin baya kaɗai ne farin ƙarfe, sauran jikin fenti ne zai koɗe. All Stainless Steel shi ne gaba ɗaya. Masu samun ƙaiƙayi da ƙuraje a wuyan hannu, galibi wannan ƙarfen mai arha ne sanadi.

Sai turare, tunda mu mutanen turare ne. Yana cin ruwan gwal, yana ɓata fata. Fesa ko shafa tukuna, ya bushe, sannan ka ɗaura.

Alhaji ya kawo mini tsarabar agogon salla daga Makka, amma lokutansa ba sa dacewa da na masallacinmu.

Agogunan Alfajr da Al-Harameen suna da amfani ƙwarai, musamman ga matafiyi da mai tashi sahur. Matsalar galibi saiti ce. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, kuma mutane suna gyara awa su manta ba su sauya gari ba, sai agogon ya ci gaba da lissafi da ranar Makka. Wasu kuma suna zaɓar Legas ko Abuja saboda su suka gani a jerin. Duk digiri ɗaya na tazara tsakanin gabas da yamma minti huɗu ne a tafiyar rana. Bauchi tana gabas da Legas da fiye da digiri shida, wato azahar tana riga shiga a nan da kusan minti 25. Ko Kano ma muna riga ta da kimanin minti biyar. Idan babu Bauchi a jerin, yawancinsu suna karɓar lambobin wuri: kusan digiri 10.3 arewa, 9.8 gabas.

Kwanan watan Musulunci da ke ciki lissafi ne, don haka ka riƙa daidaita shi da sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi. Alƙibla daga Bauchi gabas ce mai karkata arewa, wajen digiri 65, amma kamfas ɗin agogo yana rikicewa kusa da mota ko ƙofar ƙarfe. A buɗa-baki kuwa, in kana cikin gari, bi ladan.

Agogon zamani mai haɗuwa da waya fa?

Yana da ranarsa. Yana ƙirga taku, yana nuna mai kira, yana auna bugun zuciya. Amma ya dawo maka da matsalar da agogo ya raba ka da ita, wato caji. Apple Watch da ya fito a 2015, awa 18 kamfanin ya ce cajinsa ke yi. Irin su Oraimo suna kai kwanaki, duk da haka sai ka nemi wuta. Batirinsu a manne yake a ciki, bayan 'yan shekaru ya yi sanyi, kuma da wuya a samu na canji.

Ina roƙon masu hawan jini da masu ciwon sukari da babbar murya: kar ku dogara da lambobin da masu arhar nan suke nunawa. Na ga wanda aka ɗora a kan tebur babu hannu a ciki, ya ci gaba da nuna bugun zuciya da awon jini. A Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna sukari ba tare da huda fata ba. Kar wani ya rage magani saboda abin da agogo ya ce.

Ɗana zai rubuta JAMB, in saya masa don ya riƙa duba lokaci?

Saya masa don karatu da gwajin kansa a gida, amma ranar jarrabawa ya bar shi. JAMB ta hana shiga ɗakin jarrabawa da agogo kowane iri, lokacin yana kan allon kwamfuta.

Muna haɗa lefe. Agogo nawa ya kamata mu sa?

Hajiya, guda ɗaya mai kyau ya fi uku masu ƙyalli. Na san ana ƙirga kaya ranar buɗe akwati, kuma dangin ango ba sa son a ce sun gaza. Amma saitin nan da ke zuwa a kwali ɗaya da sarƙa da ɗan kunne, yawancinsu kafin a yi sunan fari sun koɗe, duwatsun sun zube. Casio, Q&Q, Citizen da Seiko duk suna yin na mata masu kyan gani a farin ƙarfe ko launin gwal mai inganci. Ki tuna amarya za ta yi girki da wanke-wanke, wataƙila kuma malamar makaranta ce ko ma'aikaciyar asibiti. Ki nemi mai fuskar da ake iya karantawa, kuma a kai a rage mata sarƙa daidai hannunta, kar a yar da gaɓoɓin da aka cire.

An ce agogo jari ne, kuɗinsa ƙaruwa yake.

Ƙalilan ne cikin samfuran Rolex, Patek Philippe da Audemars Piguet suke haka, su ma farashinsu a kasuwar na-hannu ya kai ƙololuwa a farkon 2022 sannan ya sauko. Sauran duk, daga fita shago sun rage daraja. Kuma a Bauchi wa zai saya a hannunka da kuɗin da ya dace ranar da ka matsu? Mai neman ajiya ya sayi fili, hatsi ko dabba.

Me ya sa batirin da ake sa mini ba ya daɗewa?

Batir iri biyu ne masu girma ɗaya. Mai lamba SR, kamar SR626SW, shi aka yi wa agogo, yana kai shekara biyu ko fiye. Mai lamba LR ko AG ya fi arha, yana saurin ƙarewa, kuma ya fi saurin tsiyaya. Ka ce a nuna maka lambar kafin a sa. Idan ka ga tsinken sakan ya fara tsallake biyu-biyu ko huɗu-huɗu, ba lalacewa ya yi ba, sanar da kai yake batir ya kusa ƙarewa. Kar a bar mataccen batir a agogon da aka jefa a durowa, ruwansa yana cinye inji. Idan an sa sabo mai kyau ya mutu cikin wata biyu, injin ne ke da datti yana jan wuta.

Iyaye mata, a kula da tsofaffin batiran nan. Yaro in ya haɗiye, yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin awa biyu. A garzaya asibiti nan take.

Wanda ya gaji da canjin batir, akwai masu cajin haske irin Citizen Eco-Drive da Casio Tough Solar. Rana kuwa ba ma rashinta.

Mahaifinmu ya rasu ya bar tsohon Seiko 5 da Rado. Sun cancanci gyara?

Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna makoma. Kafin maganar gyara, agogunan suna cikin dukiyar gado, don haka a yi musu kuɗi ko a samu yardar sauran magada kafin wani ya ɗaura.

Sun cancanta, galibi. Seiko 5 tun 1963 ake yin sa, kuma iyayenmu sun san abin da suka gani a cikinsa: otomatik ne, yana nuna rana da kwanan wata, yana shan wahala bai koka ba, kayan gyaransa kuma suna samuwa. Rado DiaStar, mai faffaɗan jikin nan da alhazan da can suka yi yayi, ya fito a 1962, an yi jikinsa da wani ƙarfe mai tsananin tauri da ba ya karcewa da sauƙi, shi ya sa za ka ga na shekara arba'in yana sheƙi.

Girgiza Seiko ɗin a hankali gefe da gefe na rabin minti ka kara a kunne. Idan ya tashi, alama ce mai kyau, amma kar ka ci gaba da ɗaurawa a haka. Injin wani kamar keken ɗinki yake, in mai ya bushe aka ci gaba da aiki da shi, haƙoran ne za su cinye juna. Yana bukatar a warware shi gaba ɗaya, a wanke, a sa mai na agogo, a canza robobi. Wanda ya buɗe ya ɗiga man inji ya rufe, cutar da shi ya yi.

Abu biyu za ka gindaya wa mai gyara tun farko. Kar ya cire injin asali ya sa na batir ba da saninka ba, domin ana yin haka kuma daga nan darajar agogon ta tafi. Sannan duk abin da ya canza, ya ba ka tsohon a hannu. Fuskar da ta ɗan yi ja saboda shekaru kuwa a bar ta yadda take, kar a sake mata fenti.